Tankin Tsohon Injin Kwalekwale Ya Lotse: Ta Ina Za a Fara Gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna kwashe kayan ɗakin ajiyar mahaifinmu a Bukuru, Allah Ya jiƙansa, sai muka tarar da ƙaramin injin kwalekwale, an rubuta British Seagull a jikin tankinsa. Injin bai cije ba, yana juyawa. Sai dai tankin ya lotse a wuri uku, ɗaya har da karyewa kamar an dafa shi da bakin ƙarfe, kuma kunne ɗaya na farfela ya lauye. Wani fanal bita ya ce a cika da fila a fesa fenti. Wani ya ce in cika tankin da ruwa in sa a firiza, wani kuma ya ce a kai wa mai faci ya hura iska ana gasa wurin da wuta. Ina so in tayar da shi don tunawa da Baba. Wacce zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa Aljanna ce makoma. Cikin shawarwarin nan uku kada ka bi ko ɗaya tukuna, ta ukun kuwa kada ka bi ta har abada, domin tana iya kashe mutum. Zan zo kan dalili. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, lotsawa a ƙarfe mai taushi turo ta ake yi daga ciki, a hankali, ta bi hanyar da ta shigo ta koma. Ba a dukanta. Yawancin tankunan da ake kawo mana a lalace, ba faɗuwar da suka yi ce ta kashe su ba, gudumar mai gyara ce.

Abin da ke hannunka ya cancanci a bi shi a sannu. An fara ƙera irin wannan injin a Ingila a 1931, daga baya aikin ya koma garin Poole da ke bakin teku, aka ci gaba har 1996 da aka daina. Ke nan babu sabon tanki da ke fitowa daga masana'anta, kuma ba za ka shiga kasuwar Dilimi ta Jos ka ce a ba ka ɗaya ba. Akwai lamba da haruffa da aka buga a jikin injin, ka goge wurin ka rubuta su, su ne ke nuna samfurinsa da zamaninsa. Sannan ka lura da notinansa: awon Ingila ne na da, sifanar milimita ba ta zama musu daidai, tana cinye kusurwa. Ka nemi wadda ta kama sosai ko ka yi amfani da sifana mai daidaitawa, ka matse ta da kyau kafin ka juya.

Kafin komai, ka san ƙarfen da kake shirin taɓawa, don a jikin injin nan ɗaya akwai ƙarafa kusan huɗu, kowanne da halinsa. Ɗauki maganaɗisu ka ɗora a tankin. In ya kama, baƙin ƙarfe ne, wannan aikin fanal bita ne na yau da kullum. In bai kama ba, ka kankare ɗan wuri a ƙasan tankin inda ido ba ya kaiwa. Ka ga ruwan ɗorawa, tagulla ce, kuma mafi yawan tsofaffin Seagull haka tankinsu yake. Ka ga fari kuma tankin ba nauyi, alminiyam ne, irin wanda ake samu a tsofaffin Johnson da Evinrude na Amurka. Tagulla ta ninka alminiyam nauyi sau uku, hannu ma yana gaya maka. Bayan wannan akwai bambanci mafi girma, tsakanin abin da aka matsa daga falle da abin da aka yi zubinsa. Tanki falle ne, yana lanƙwasuwa ya dawo. Gidan giya da ke ƙasa, da farfela, da kafireto, zubi ne, kuma zubi ba ya son lanƙwasa, tsagewa yake yi. Duk wanda ya ɗauke su abu ɗaya zai yi ɓarna.

In ta tabbata tagulla ce, mutuminka mai gyaran lagireto ne, ba fanal bita ba. Ka nemi dattijo cikinsu, a Farin Gada ko nan Bukuru, wanda ya yi zamani da lagireton tagulla kafin na roba da alminiyam su cika gari. Shi ya san zafin da dalma ke gudu a kai, ya san yadda ake buɗe haɗi a mayar, kuma hannunsa ya saba da falle mai laushi. Fanal bita ya saba da jikin mota, dukansa ya yi wa tagulla nauyi.

Ka kuma duba lafiyar tagullar kanta. In ka ga tabo-tabo ja ko ruwan hoda, tutiyar da ke cikinta ce ta zube, ta bar jan ƙarfe mai rauni, wurin yana iya hujewa da ɗan turi. Sannan ka tambayi mutanen gida ko ɗakin nan ya taɓa zama kusa da turken dabbobi ko an taɓa ajiye takin zamani a ciki. Warin fitsarin dabba yana ɗauke da sinadarin amoniya, kuma amoniya na tsaga tagullar da ke a takure. Sojojin Ingila a Indiya ne suka fara shan wahalar wannan, kwanson harsasansu yana tsagewa da damina bayan an ajiye su a bargar dawaki, sai a 1921 aka bayyana dalilin. Bakin lotsawa wuri ne da ƙarfe ke a takure, don haka nan za ka fi duba siraran tsaga. Gwajin ba wuya: shafa kananzir, bar shi ya jiƙa, goge tas, sannan ka shafa garin alli. In akwai tsaga, kananzir ɗin da ya shige zai fito ya ja layi a kan allin.

Yanzu maganar da ta fi kowace nauyi. Tankin da ya shekara talatin a bushe bai zama lafiyayye ba. Wannan injin yana shan fetur da aka gauraya da baƙin mai da yawa, kashi 10 na fetur kashi 1 na mai a tsofaffinsu, kuma wannan haɗin yana bushewa ya zama danƙo a bangon tanki. Da wuta ta taɓa, danƙon sai ya saki tururi. Tururin fetur yana kamawa in ya kai kusan kashi 1.4 cikin ɗari na iskar da ke wurin, har zuwa kashi 7.6. Ka ga ke nan tankin da ba komai a ciki sai ɗan wari shi ne a daidai wurin fashewa. Ka cire murfi, ka kwance famfon mai gaba ɗaya. Famfon nan yana da toshiya mai taushi a ciki irin ta bakin kwalba, wuta za ta ƙone ta, ka ajiye shi gefe. In ta bushe ta ƙanƙance, ruwan zafi yana kumbura ta. Sai ka zuba ruwan zafi da garin sabulun wanki da ɗan tarin ƙananan notina, ka girgiza sosai, ka zubar, ka sake, har ruwan ya riƙa fita fari. Ka ƙirga notinan da ka zuba, ka tabbata duk sun fito. Ka shanya a rana baki a buɗe na kwanaki. In ka sansana ka ji ko da alamar wari, wankin bai ƙare ba. Wasu suna zura bututun hayaƙin mota a ciki su ce ya kori tururin, ni ban yarda da shi ba, hayaƙin tsohuwar mota yana ɗauke da fetur da bai ƙone ba. Kuma in tankin alminiyam ne, kada sodar yin sabulu ta kusance shi, cinye shi take yi.

Daga nan sai ka zauna da tankin a inda haske ke zuwa ta gefe, ka karanta lotsawar. Akwai mai faɗi marar kaifi, wadda ƙarfen ya shige ciki kawai bai miƙe ba; wannan takan dawo da turin yatsa ko na itace. Akwai mai karyewa, irin wadda ka ambata, inda ƙarfen ya ninke a layi ɗaya ya taurare. Akwai kuma mai zurfi ƙarama, inda abu mai tsini ya soka har ƙarfen ya miƙe ya yi siriri. Ta farko sauƙi, ta biyu haƙuri, ta uku ba ta komawa daidai ɗari bisa ɗari, sai dai a rage ta. Kowace lotsawa tana da ɗan tudu da ya kewaye ta, shafa da tafin hannu za ka ji shi. Ƙarfen da aka tura ciki ne ya tara a nan, kuma shi ne ke riƙe da ramin. Wanda bai san wannan ba zai tura tsakiya da ƙarfi, ya sami ƙaho a tsakiya, rami ya kewaye shi. Aikin yana farawa daga gefe, ana zagayawa, ana matsawa ciki kaɗan-kaɗan, inda abin ya fara bugawa shi ne na ƙarshe da za a taɓa.

Hanya ta farko, ta bakin tanki. Ka sami rodi mai kaurin yatsa, ka lanƙwasa shi yadda kansa zai kai ƙarƙashin lotsawar, ka goge kan ya zama mulmulalle, ka bi shi da sanfefa har ya yi santsi, domin duk wani kaushi da ke kan rodin zai fito a jikin tagullar. Kada ka jingina rodin a bakin tanki ka danna. Bakin nan liƙa shi aka yi, zai karkace, murfi ya daina zama, ka gyara ɗaya ka ɓata biyu. Ka ɗaure ɗaya ƙarshen rodin a bais, wato abin matse ƙarfe da ke kan teburin aiki, ka zura tankin a kansa, ka riƙe tankin da hannu biyu, ka riƙa danna shi a kan rodin kana ganin ɗan tudun da kan rodin ke yi daga waje. Wannan tudun shi ne idonka. Maƙeran azurfa suna da wata dabara a nan da nake so ƙwarai: mutum ɗaya ya riƙe tankin, ɗaya ya bugi rodin kusa da bais da guduma, sai rodin ya yi tsalle, kansa ya bugi ƙarfen daga ciki da ɗan bugu mai taushi. Da haka suke fito da ado a jikin butoci masu ƙunƙuntar baki. Yayin da ake turowa daga ciki, sai a riƙa ƙwanƙwasa tudun da ya kewaye ramin daga waje da gudumar itace ko ta roba, bugun da bai fi na ƙwanƙwasa ƙofa ba. Za ka ga ramin yana tasowa da kansa.

Masu gyaran kakakin badujala suna jefa ƙwallon boris a ciki su ja shi da maganaɗisu mai ƙarfi daga waje, ƙwallon yana murje ramin. Yana aiki a lotsawa marar zurfi, amma tagullar tanki ta fi ta kakaki kauri, ba zai iya gyara karyewar nan ba. In za ka gwada, sa ƙyalle tsakani, ka kula da yatsunka.

Hanya ta biyu, ja daga waje, ga wurin da rodi ba ya kaiwa. A kankare fenti a tsakiyar ramin, a shafa ruwan liƙi, a liƙa kan notin tagulla ko zoben wayar jan ƙarfe da dalma. In ya huce, a ja shi da hannu ko da sanda mai nauyi mai zamewa, ana ƙwanƙwasa gefen ramin. Sai a narkar a cire, a matsa gaba, a sake. Kyawun wannan hanya shi ne dalmar liƙi, wadda kashi 60 kuza ce kashi 40 dalma, tana narkewa a wajen digiri 190, zafin da bai isa ya sauya halin tagulla ba, kuma in ka ja fiye da kima, liƙin ne zai saki, ba tankin ne zai yage ba. Wannan ya fi huda tanki a ɗaura sukuru a ja, abin da nake roƙonka kada ka bari a yi.

Hanya ta uku ita ce ta gaskiya ga karyewar nan taka, wato buɗe gefe ɗaya na tankin. Ka kankare haɗin da bakin wuƙa. In abin da ke ciki fari-fari ne mai taushi, wuƙa tana yankarsa, dalma ce, mai lagireto zai zagaya da wuta ya zare murfin gefen cikin mintoci. In yana da tauri wuƙa tana zamewa, liƙin tagulla ne ko na azurfa, wanda sai ƙarfe ya yi ja yake saki, kuma zafin da zai sake shi yana iya karkatar da tankin duka. Tsohon liƙin azurfa kuma yakan ƙunshi sinadarin kadmiyam, hayaƙinsa guba ne. A irin wannan na fi son a yanke ɗan taga a ƙasan tankin, daura da lotsawar, inda ba a gani in an ɗaura, a yi aiki ta nan, sannan a rufe da facin tagulla. Kafin a buɗe komai a yi alama da ƙusa a haɗin, don murfin ya koma yadda ya fito.

Da an buɗe, aiki ya zo hannu. Ka je kasuwar Katako ka samo guntun itace mai tauri, maɗaci ko ƙirya, a sassaƙa shi ya bi lanƙwasar cikin tankin. Guntun tsohuwar taɓarya ma yana yi, kanta ya riga ya mulmule. A kwantar da tankin a kan buhun yashi, a tura ramin daga ciki da itacen. In siffa ta dawo kusa, sai a zura itacen a matsayin maƙera, a bi waje da ƙananan bugu. A nan akwai abin da ke raba gwani da ɗan koyo. In guduma ta faɗi daidai inda maƙera take a ƙasa, ƙarfen yana matsewa tsakaninsu ya miƙe ya ƙara faɗi, kuma ƙarfen da ya miƙe ba shi da wurin zuwa sai ya yi tozo. In maƙera tana ƙarƙashin rami, guduma tana faɗawa kan tudun da ke gefensa, to ƙarfen matsawa yake yi ba miƙewa ba. Na biyun ake so kusan koyaushe. Kunne yana taimako: ƙara mai kaifi tana nufin kana matse ƙarfe, ƙara mai dushi tana nufin kana matsar da shi.

Tagulla tana taurarewa da aiki. Kamar waya ce da kake lanƙwasawa gaba da baya, tana ƙara tauri a wurin har ta karye. Layin karyewar nan ya riga ya sha lanƙwasa ɗaya mai tsanani, in ka mayar da shi a haka, tsagewa zai yi. Sai an tausasa shi da wuta. A shiga inuwa, a lulluɓe sauran haɗe-haɗen dalma da jiƙaƙƙen tsumma, a bi layin da harshen wuta mai laushi ana motsawa, har a ga ja mai duhu da ƙyar ido ke kamawa, a janye. In ya yi ja mai haske an wuce, in farin hayaƙi ya tashi tutiya ce ke ƙonewa, shaƙarsa yana sa zazzaɓi, a yi aikin a fili. A bar shi ya huce kafin a taɓa. Tagulla ba a ƙera ta da zafi yadda ake ƙera baƙin ƙarfe. Tsoma ta a ruwa ba ya taurara ta, amma falle siriri yana iya murɗewa, don haka iska ta ishe ta. In ana cikin aiki aka ji ta fara ƙin motsi tana mayar da guduma, a tsaya a sake tausasawa.

Sai dai wuta za ta cinye fenti da tambarin da ke jiki, kuma wannan hukunci naka ne ba na mai gyara ba. In rubutun nan na asali yana nan da kyaunsa, ni da nawa ne, zan turo abin da ya turu da sanyi, in bar sauran. Tambarin da Baba ya gani da idonsa ba a sayo shi. Kada garin neman gira a rasa ido. In kuwa fentin ya riga ya tafi, ɗauki hotonsa ta kowane gefe, ka auna inda rubutun yake, sannan a sa wuta.

Bayan an rufe, a wanke ruwan liƙin sosai. Asid ne da aka kashe da tutiya, in ya kwana a haɗi zai ci gaba da ci, bayan watanni ka ga kore yana fitowa. Ruwan kanwa yana kashe shi, sai a ɗauraye da ruwan zafi. Ƙananan ramukan da suka rage a cike su da dalma a goge da zarto, ta fi fila zama a jikin tagulla, ba ta ɓamɓarewa da girgizar inji ko zubar fetur. Wanda ya yi aikin ya wanke hannu kafin ya ci abinci. Gwajin yoyo kuma da famfon keke ake yi, a ɗaura balan-balan a mafitar mai, in ta kumbura iskar ta isa, a tsoma a baho a duba kumfa. Fam 2 ko 3 na awon iskar taya ne iyaka.

Wannan ya kawo mu ga shawarar mai faci. Tayar mota tana ɗaukar kusan fam 30, wato kimanin kilo 2 a kan kowane murabba'in santimita. Gefen tanki mai tsawon santimita 20 da faɗin 10 zai ɗauki nauyin kilo 400 ke nan. Iska ba ta san inda lotsawa take ba, tana tura ko'ina daidai, kuma wurin da ya fi rauni shi ke fara bayarwa: shimfiɗaɗɗen gefe ya kumbura, haɗin dalma ya buɗe, karyewar da ta taurare kuwa tana nan daram. Ka ƙara wuta a kan haka, dalma ta yi laushi, murfin gefe ya tashi da ƙarfin da zai fasa fuska, ko da babu ɗigon fetur a ciki. Firiza ba ta kashe mutum amma tana kashe tanki. Ruwa yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin ɗari in ya daskare, shi ma ba ya zaɓen wuri, kuma yana aikinsa da dare ba mai kallo. Fila kuwa ɓoye rami take yi, tankin yana nan da tsagar da ba a duba ba.

In ya zamana tankin alminiyam ne, tsarin turowa ɗaya ne, amma dalma ba ta kama shi, sai a ja da gam ɗin kyandir. Haɗarinsa yana wurin wuta. Yana narkewa a digiri 660 ba tare da ya yi ja ba, kana kallo sai ka ga rami. A goga sabulun sanda a wurin, a gasa ta ɗaya gefen in da hali, da sabulun ya yi baƙi an kai wajen digiri 400, a janye nan take. In ya tsage sai waldar agon, kuma a nemi wanda ya saba da falle siriri.

Farfela zubi ce, a bi ta da tsoro. Ka cire ta, ka kula da sifirin ɗin da ke juya ta, shi ne ke karɓar bugu in ta daki dutse, kada ya ɓace. Kwantar da ita a kan gilashi ko shimfiɗaɗɗen katako mai santsi, ka auna tsayin bakin kowane kunne daga ƙasa. Yanki kwali ya bi siffar kunne mai lafiya, shi ne ma'auninka. In lauyewar a baki take kuma kaɗan ce, a ɗumama ta, a ɗora a kan itace, a mayar da gudumar itace a matakai, ana gwadawa da kwalin. Da ka ga wani farin layi ya bayyana a inda ake lanƙwasawa, tsaya, tsaga ce ke sallama. In lauyewar ta kai gindin kunne, kada a mayar, a nemi wata. Kunnen da ya tsage a gindi zai fita ne a tsakiyar ruwa. Tsinin da ya ɓalle a baki a goge da zarto, amma abin da ka cire a kunne ɗaya ka cire kwatankwacinsa a sauran, in ba haka ba za ta yi rawa, rawar ta ci bushin. Ka duba sandar da farfelar ke kai ita ma: kafa waya kusa da bakinta ka juya, in tazarar tana buɗewa tana rufewa, sandar ta lauye, kuma gyaran farfela kaɗai ba zai yi magani ba. Ƙegen da ke ƙasan gidan giya in ya karkace, matse shi tsakanin faranti biyu na ƙarfe ana ƙara ɗaurewa a hankali ya fi duka.

Kafireto kada wuta ta kusance shi ko kaɗan. Da yawansu zubin tutiya ne, yana narkewa a ƙasa da digiri 400, kuma ba ya lanƙwasuwa. Abin da ke iya lotsewa a cikinsa shi ne ɗan tulun tagulla mai iyo a kan mai. Tsoma shi a ruwan zafi: iskar ciki za ta faɗaɗa, ƙaramar lotsawa takan fito da kanta, in kuma ya huje za ka ga kumfa a daidai wurin. A toshe da ɗigon dalma mafi ƙanƙanta, don nauyinsa ne ke ƙayyade yawan man da ke shiga. Faifan sama da ake naɗa igiya a kai kuma kada a buge shi, akwai maganaɗisu a ciki, duka yana rage masa ƙarfi, wuta ta yi rauni a fulogi.

Ranar gwaji, fara a cikin durom cike da ruwa, kada ka tayar da shi a bushe, ka tabbata ruwan sanyaya yana fitowa. In ka kai shi Rayfield ko wani kududdufin da haƙar kuza ta bari, ka ji kamar ƙarfinsa bai kai yadda ake faɗa ba, kada ka koma kan farfela da guduma. Jos tana sama da teku da kusan mita 1,200, iska ta fi siriri, kowane inji yana rasa fiye da kashi 10 cikin ɗari na ƙarfinsa a nan. Kududdufan nan kuma gaɓarsu a tsaye take, taku biyu ka shiga zurfi, ruwan da sanyi. Ka sa rigar iyo, ka tafi da wanda ya san wurin, ka ɗaure injin da igiya a jikin kwalekwalen bayan ka matse maƙallansa, kuma ka riƙe filafili a ciki ko da injin ya mutu a tsakiya.